Motar Gudu Ta Hannu: Shawarwari Ga Magidanta Kafin Saye Da Kafin Sayarwa

A unguwannin masu hali na Abuja da Kano da Kaduna, yanzu sai ka ji rurin inji tun kafin ka hango motar. Mercedes C63 ce, ko BMW M4, ko Ford Mustang, ko Dodge Charger. Yawancinsu na hannu ne, an more su a Amurka ko Turai ko Dubai kafin su iso nan. Hujjar da ake shiga gida da ita kuwa kusan ɗaya ce: “Baba, ai kadara ce, duk ranar da na gaji zan sayar har in ci riba.” Wannan magana ta shafi kowa a gidan, domin aljihun da za a zaro kuɗin motar shi ne na cefane da kuɗin makaranta da asibiti. Sha'awar mota mai ƙarfi ba laifi ba ce ga wanda Allah Ya hore wa. Abin da nake tsoro shi ne a saye ta da sunan ajiyar dukiya.

1. A yi lissafin riba da dala, kada a tsaya ga naira. Nan ne aka fi ruɗuwa. A farkon 2023 'yan canji na sayar da dala wajen naira 750, cikin 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Ɗauki misali: mutum ya sayi mota naira miliyan 20 a farkon 2023, ya sayar da ita miliyan 35 a 2024, yana murna ya ci miliyan 15. Miliyan 20 ɗin can sun kai dala 26,600, miliyan 35 ɗin nan kuma dala 23,300 ne da 'yan kai. Ya yi asarar sama da dala 3,000, ban da mai da taya da gyaran da ya yi a tsakani. Motar ba ta ƙara daraja ba, naira ce ta karye. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka tambayi kanka: da kuɗin da na karɓa yau, zan iya sayen mota mai lafiya da ƙarancin shekaru irin wadda na saya a wancan lokaci? 'Yan'uwanmu na Nijar ba su cika faɗawa wannan ruɗu ba, saboda sefa a ɗaure take da yuro, faɗuwar darajar mota tana bayyana musu ƙarara.

2. Motocin gudu ba faɗuwa iri ɗaya suke yi ba. Kamfanin iSeeCars na Amurka, wanda ke bin diddigin cinikin motocin hannu, ya fitar da bincike a 2023 kan yadda daraja ke raguwa cikin shekara biyar. Porsche 911 ce ta fi kowace riƙe kuɗinta, abin da ta rasa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Maserati Quattroporte da BMW 7 Series kuwa kowace ta zubar da sama da kashi 60. Dalilin a fili yake. Mai sayen babbar motar alfarma sabuwa yana son sabon yayi ne, da an fito da wata sai ya saki ta hannunsa, mai saye na biyu kuma yana tsoron gyara tunda garanti ya ƙare, don haka sai ya taya da wulaƙanci. Ita kuwa 911 tun shekarun 1960 siffarta ba ta canja sosai ba, tsohuwar ba ta zama abin kunya kusa da sabuwa, masoyanta kuma suna da yawa.

Sai dai wannan lissafin kasuwar Amurka ne, inda akwai dubban masu nema da gareji na musamman a kowane babban gari. A nan masu iya sayen irin wannan mota 'yan ƙalilan ne, kuma yawancinsu sun san juna. Corolla da Camry da Hilux ba sa daɗewa a wurin dillali. Motar gudu kuwa tana iya shafe watanni tana shan rana, kuma duk wanda ya gane kana cikin matsi zai taya yadda ya ga dama. Idan gida na neman abin da za a iya juyawa kuɗi ranar da larura ta taso, wannan ba ita ba ce.

3. Kada labarin gwanjon ƙasashen waje ya ja ka. Gaskiya ne an sayar da Ferrari 250 GTO a kan dala miliyan 48.4 a 2018, an kuma sayar da Mercedes 300 SLR Uhlenhaut a kan yuro miliyan 135 a 2022. Amma ta farkon guda 36 kacal aka ƙera, ta biyun guda biyu. Mustang da Charger dubbai ake fitarwa kowace shekara. Dillali zai ce maka an daina ƙera Challenger da Charger masu injin V8 a ƙarshen 2023, kuma sabuwar C63 silinda huɗu gare ta, saboda haka tsofaffin za su yi tsada. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ga motar da ba ta taɓa haɗari ba, tafiyarta kaɗan, takardunta cikakku. Wadda aka buga a can aka gyara a nan ba ta cikin wannan sahu.

4. Kuɗin gyara yana bin farashin motar na ranar da take sabuwa. Motar da aka sayar dala 100,000 sabuwa, ko ka same ta a kan 25,000, birkinta da tayarta da giyarta na motar dala 100,000 ne. Wannan shi ne ainihin abin da ke karya farashinta, kuma shi ne ke jiran mai saye na uku da na huɗu. Kowace ƙira tana da ciwon da aka san ta da shi. BMW M5 mai injin V10, wadda aka yi daga 2005 zuwa 2010, ta yi suna wajen cin metal na inji, haka ma M3 mai V8 ta wancan zamani. Porsche 911 da Boxster na ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2000 suna da wani boris a cikin inji da ake kira IMS, wanda idan ya watse yakan tafi da injin gaba ɗaya. C63 ta farko-farko mai lita 6.2 an san ta da karyewar kusoshin kan inji. Wasu kuma suna zuwa da faifan birki na kabon, wanda sauya shi kaɗai dubban daloli ne.

Saboda haka kafin ka je wurin mai mota, fara zuwa wurin bakanike da mai sayar da kayan gyara. Tambayi kuɗin taya huɗu, da birki, da baƙin mai na ainihi, da shokozoba, ka ji ko ana samunsu a garinku ko sai an yi oda daga waje an jira makonni. Tambayi ko akwai mai na'urar kwamfuta da ta dace da wannan ƙirar. Ka haɗa da man da injin silinda takwas zai sha, musamman tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Jimillar shekara guda ka ajiye ta gefe tun kafin saye. Idan babu ita, lokacin sayen bai yi ba tukuna.

5. Binciki lambar shasi kafin ka ba da ko sisi. Kowace mota tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, tana ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Motoci da yawa da ke shigowa daga Amurka daga gwanjon Copart ko IAA suke, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Da wannan lamba ana iya sayen rahoton Carfax ko AutoCheck da kuɗi kaɗan, sau da yawa ma idan ka rubuta ta a intanet hotunan motar na ranar gwanjo za su fito. Ni na fi tsoron motar ruwa fiye da motar haɗari. Bugun bodi ana gani ana gyarawa, amma ruwan da ya shiga wayoyi da ƙwaƙwalwar mota sai bayan watanni yake fara nuna kansa, yau wannan fitila gobe waccan. Ɗaga kafet ka shinshina, duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Rahoton zai kuma nuna ko an mayar da mita baya. Mai saye na gaba zai yi wannan bincike ko kai ba ka yi ba, kuma a jikinka zai cire kuɗin.

6. Takardun kwastan rabin darajar mota ne. Tun watan Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk motar da aka ce ta biyo ta Kwatano a duba takardunta da kyau, a tabbatar da su a ofishin kwastan, kada a dogara da kalmar dillali. A kuma guji mai sitiyari a dama, irin na Ingila da Japan, ko da an juya shi. Dokar hanya ba ta yarda da ita ba, masu saye kuma suna gudunta.

7. Manmu da zafinmu da titinmu suna tsufar da ita da wuri. Yawancin waɗannan injuna an ƙera su ne don fetur mai oktan 95 ko 98, gidajen manmu kuwa iri ɗaya suke sayarwa ga kowa. A sha mai a gidan mai da aka amince da shi, a riƙa sauya baƙin mai da matatar iska kafin lokacin da littafin motar ya faɗa, domin ƙurar hunturu da zafin bazara ba irin na Jamus ba ne. Lagireto da fanka su kasance cikin ƙoshin lafiya, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa kan inji. Motar a ƙasa take sosai, rami da tudun rage gudu suna cin bamba da ƙafafunta. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya mai shekara shida ko fiye, ko da zanenta bai goge ba, ba abin da za a yi gudu da ita a kan kwalta mai zafi ba ne.

8. Bar ta yadda kamfani ya yi ta. Yanke salansa don ƙara, da taɓa ƙwaƙwalwar inji don ƙarin ƙarfi, da canja launi, duk suna rage masu sha'awarta, domin mai hankali yana ganinsu ya san an wahalar da ita. Idan ka canja wani abu, adana na asalin. Adana rasit na kowane gyara a fayil guda, ranar sayarwa zai yi maka magana fiye da bakin dillali.

9. Ba a cin bashi don ita, ba a sayar da fili ko gona don ita. Bashi yana nan yadda yake ko yana ƙaruwa, motar kuwa kullum raguwa take yi. Game da inshora, ta dole da ake yanka naira 15,000 tun Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta biyan taka. Cikakkiyar inshora takan kama kusan kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara, a sa wannan cikin lissafi. Ina kuma roƙon iyaye su dubi wanda zai riƙe makulli. Mota mai ƙarfin doki 450 a hannun yaron da bai daɗe da koyon tuƙi ba, a wurin biki ana zuga shi ya juya ta a tsakiyar jama'a, asarar kuɗi ita ce mafi ƙanƙanta a abin da ka iya faruwa.

10. Idan za a sayar, a sayar tana kan ƙafarta. Kada a jira sai babban gyara ya zo, kada kuma a jira sai larura ta matso. A yi yarjejeniyar la'ada da dillali tun farko, a san farashin da yake faɗa wa masu saye. A bayyana duk aibin da aka sani, haɗari ne ko ruwa ko mita, domin ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma a kasuwa ƙarama irin wannan labari ba ya ɓuya. Wanda ya saya da niyyar juyawa ya tuntuɓi malami, domin motar hawa ba a yi mata zakka, amma hukuncin kayan kasuwanci daban ne.

Sai maganar gado, wadda na ga ta fi kowace ɓata irin wannan dukiya. Maigida ya rasu, a lulluɓe motar da tamfol a tsakar gida ana jiran a sasanta. Batir ya mutu, taya ta zauna, mai ya lalace a tanki, ɓera ya ci wayoyi, robobin inji su bushe. Fili yana iya jiran shekara biyar ba abin da ya same shi, wannan motar kuwa kowane wata da nata ragin, kuma cikin masu haƙƙi akwai marayu. Magada su samo mutum biyu ko uku masu sanin kan mota su yi mata kuɗi tun a watannin farko. Wanda yake so a cikinsu ya ɗauka a cikin rabonsa, in babu a sayar a ajiye kuɗin har ranar rabo.