Darasi na 14: Yadda Ake Horar da Mai Jifa a Wasan Sofbol

A darasin da ya gabata kun koyi sunayen sassan jiki: kafaɗa, damtse, gwiwar hannu, wuyan hannu, kwankwaso, cinya da dunduniya. Yau za ku ga yadda waɗannan sassa suke aiki tare. Za mu karanta bayani a kan wani wasa da ake kira sofbol, musamman a kan 'yar wasa guda, wato mai jifa, da yadda ake horar da ita tun tana ƙarama. Ku karanta a hankali. Idan akwai fili a ajinku, ku miƙe tsaye ku gwada abin da kuke karantawa, domin kalmar da jiki ya aikata ba ta saurin fita daga ka.

An ƙirƙiro wasan sofbol a birnin Shikago na ƙasar Amurka a shekarar 1887. Ƙanen wasan besbol ne, kuma da farko a cikin ɗaki ake yin sa lokacin sanyi. Ma'anar sunan ita ce ƙwallo mai laushi, amma kada sunan ya ruɗe ku, ƙwallon yana da tauri ƙwarai, kuma kewayensa ya kai wajen santimita 30. Maza da mata duk suna buga wasan, sai dai a gasar Olamfik mata kaɗai ke fafatawa, tun daga gasar birnin Atlanta ta 1996. Saboda haka a wannan darasi za mu riƙa cewa "ita" idan muna maganar mai jifa.

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 9 a fili. Mai jifa tana tsayawa a tsakiyar wata da'ira. A gabanta akwai mai bugu, 'yar ƙungiyar hamayya, riƙe da kulki. A bayan mai bugu kuma mai cafewa ce a tsugune, sanye da babbar safar hannu ta fata. Aikin mai jifa shi ne ta aika ƙwallon ya wuce ta wani ɗan sarari, tsakanin gwiwa da ƙirjin mai bugu, ba tare da an buge shi ba. Idan mai bugu ta kuskure sau 3, ta fita. Idan kuwa mai jifa ce ta kauce wa wannan sarari sau 4, sai a ba mai bugu izinin wucewa gaba kyauta. Tsakanin manyan mata tazarar jifan mita 13 ce da ɗan ɗoriya. Ƙwallon da ke gudun kilomita 100 a awa yana cinye wannan tazara cikin ƙasa da rabin daƙiƙa.

Abin da ya bambanta sofbol da besbol shi ne hanyar jifan. Ba a jifa ta saman kafaɗa kamar mai jifan mangwaro. Hannu yana yin cikakkiyar da'ira: ya tashi ta gaba, ya wuce kusa da kunne, ya gangara ta baya, sannan a saki ƙwallon daidai cinya. Za mu kira wannan "jifan farfela", don hannun yana juyawa kamar farfelar fanka.

To, mu ɗauka an kawo muku yarinya mai shekara 10, tana jifa da hannun dama, tana so ta koya. Daga ina za a fara?

Yawancin yara suna so su fara da gudu. Suna so su ji ƙwallon ya yi ƙara a cikin safar mai cafewa, 'yan kallo su yi tafi. Mai horarwa na gari ba ya farawa daga nan. Daga riƙo yake farawa. Yarinya za ta ɗora yatsu uku a kan ɗinkin ƙwallon, babban yatsa ya tallafe shi ta ɗaya gefen. Kada ta cusa ƙwallon cikin tafin hannu, kuma kada ta matse shi kamar mai tsoron a ƙwace mata. Riƙo mai tsanani yana sa wuyan hannu ya sandare, wuyan hannun da ya sandare kuwa ba ya iya juya ƙwallo. Ga ƙananan yara akwai ƙwallo ƙarami, mai kewayen wajen santimita 28, kuma ana rage musu tazara zuwa ƙasa da mita 11. Babu abin kunya a cikin wannan. Takalmin babba ba ya koya wa yaro tafiya.

Bayan riƙo sai saki. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, ana koyon jifan ne daga ƙarshensa zuwa farkonsa. Yarinya za ta tsaya a kaikaice, kusa da bango ko raga, hannunta a baya kaɗan, ta sauko da shi ta saki ƙwallon a gefen cinya. Idan ta iya wannan, sai a ɗaga hannun zuwa daidai kafaɗa, daga baya zuwa saman kai, har a kai ga cikakkiyar da'ira. Masu horarwa suna kwatanta da'irar da fuskar agogo: saman kai shi ne ƙarfe 12, gefen cinya ƙarfe 6. Wata dabara mai sauƙi ita ce a zagaye ƙwallon da baƙin tef. Idan sakin ya yi kyau, za a ga layin tef yana juyawa a miƙe. Idan yana rawa, yarinyar da kanta za ta gane akwai gyara, ba sai an yi mata tsawa ba.

Yanzu mun zo ga ƙafafu, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan ne yara da iyayensu suka fi yin kuskure. Mai kallo yana ganin hannu ne ke aiki. Alhali kuwa ƙarfin jifa daga ƙasa yake tasowa. Ƙafar dama tana dannawa ta tura jiki gaba, ƙafar hagu ta yi dogon taku. Yayin da hannu ya kai ƙarfe 12, jiki ya riga ya juya a kaikaice, don kwankwaso ya ba hannu hanyar wucewa. Ƙafar hagu tana sauka da ƙarfi, a ɗan karkace, ta tokare jiki kamar birki. Wannan tokarewa ce ke sa ƙarfin da ƙafafu suka tara ya hau ta cinya, ya bi ta kwankwaso da kafaɗa, ya fita ta yatsu. Ƙafar dama kuma sai ta biyo baya tana jan ƙasa. Ku tuna yadda ake kaɗa bulala: makamar tana tsayawa, sai bakin ya yi tsalle. Haka hannun mai jifa yake, a sake, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, ba a miƙe kamar sanda ba.

Don taku ya tafi daidai, ana zana layi a ƙasa da alli ko toka, daga inda mai jifa take zuwa inda mai cafewa take. Ƙafar hagu ta riƙa sauka a kan layin ko dab da shi. Yarinyar da ke taka gefe, ƙwallonta ma gefe zai tafi. Wadda ke sunkuyawa gaba lokacin saki, nata sama ko ƙasa zai nufa. Sau da yawa idan ƙwallo ya kauce, laifin ba na hannu ba ne, a duba ƙafa da kai.

A watannin farko ƙwallon zai riƙa tashi sama da kan mai cafewa, ko ya yi birgima a ƙasa. A wannan lokaci ne yara da yawa suke karaya su bar wasan, musamman idan mahaifi yana bakin fili yana ihu: "Ki saita mana!" Yarinyar da aka tsorata takan rage gudun hannunta, ta riƙa lallaɓa ƙwallon don kawai ya isa. Za ta sami saiti na ɗan lokaci, amma ta ɓata tsarin jikinta, kuma gyaran wannan ya fi koyon farko wuya. Hausawa suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ganina gara a bar ta ta yi jifa cikin raga da cikakken motsi, ba mai ƙirga mata kuskure, har jikin ya haddace hanyar. Saiti yana biyo bayan motsin da aka maimaita iri ɗaya.

Idan miƙaƙƙen jifa ya zauna, sai a koya mata na biyu, wato jifan yaudara: hannu ya juya da gudunsa na kullum, amma ƙwallon ya fito a hankali, mai bugu ta kai duka kafin ya iso. Sauran nau'o'i, kamar mai faɗuwa da mai lanƙwasa da wanda ake cewa yana tashi, suna iya jira sai yatsu sun yi ƙarfi. Shi mai tashin ma ba tashi yake yi ba. Juyinsa ne ke hana shi faɗuwa yadda ido ya zata.

Akwai wata magana da ta yaɗu, wai jifan farfela ba ya cutar da hannu tunda ta ƙasa ake sakin ƙwallon. Likitocin wasanni sun nuna ba haka ba ne. Jifan yana ɗora nauyi sosai a kan kafaɗa da jijiyar damtse, kuma a Amurka akan sa yarinya guda ta yi jifa a wasanni da yawa cikin kwana biyu. Mai horarwa ya kamata ya san bambancin gajiya da ciwo. Gajiya tana wucewa da hutu. Zafi a gaban kafaɗa kuwa alama ce ta a dakata a ga likita. Kada a fara jifa sai an motsa jiki, kuma a ware ranakun hutu a kowane mako. Yara masu jifa da dama suna sa garkuwar fuska, domin ƙwallon da aka buga yana iya dawowa kansu kafin su ƙifta ido.

Wataƙila wani zai kawo misalin Yukiko Ueno ta ƙasar Japan. A gasar Olamfik ta birnin Beijin a 2008 ta yi jifa 413 a wasanni 3 cikin kwana biyu, har ƙasarta ta doke Amurka ta ci zinariya. Gaskiya ne. Amma a lokacin shekararta 26, kuma ta shafe shekaru tana gina jikinta. Bayan shekara 13, a gasar Tokyo da aka yi a 2021, ita ce dai ta sake jagorantar Japan zuwa zinariya tana da shekara 39. Yarinya mai shekara 10 ba a auna ta da wannan ma'auni.

Nazarin harshe

Ku lura da yadda aikatau guda yake sauya ma'ana idan ƙarshensa ya sauya. Mai horarwa yana cewa: "Jefa mata ƙwallon." Mai cafewa kuwa cewa take yi: "Jefo mini ƙwallon," domin wasalin o yana nuna cewa abin yana zuwa wajen mai magana. "Ta jefar da ƙwallon" yana nufin ta yar da shi. "Ta jefi mai bugu da ƙwallon" kuma yana nufin ƙwallon ya sami jikin mai bugu. Ɗalibaina sukan gauraya na farko da na ƙarshe, sai su wayi gari sun jefi malami maimakon su jefa masa.

Aiki

1. Me ya sa ake fara koyon jifa daga saki?
2. Wane amfani layin da aka zana a ƙasa yake da shi?
3. Ku bayyana bambancin gajiya da ciwo da kalmominku.
4. Ku cike gurbi da jefa, jefo, jefi ko jefar: "Ina nan a bayanki, ______ mini safar." "Kada ka ______ kare da dutse."
5. Ku rubuta umarni 5 da za ku ba yarinya mai koyon jifa, biyu daga ciki su fara da "kada ki". Sannan ku mai da su umarni ga namiji.