Yadda A Ke Ɗaukar Hoton Sawun Taurari

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani abin da ya same ni wajen gwajin koyarwa, da dabarar da na samu bayansa, ko ta yi wa waninku amfani ran da aka ba shi aji nasa na kansa.

Bara da hunturu aka tura ni wata makarantar firamare a Nguru. Ran nan ina koya wa 'yan aji biyar labarin ƙasa, na zo da lemo da fitila, kamar yadda malaminmu ya yi mana a makarantar mishan ina yaro. Na soke lemon da tsinke, na juya shi gaban fitila, na ce haka duniya ta ke juyawa, shi ne ya ke kawo dare da rana. Yara suka amsa baki ɗaya, "To, Malam." Sai wani ɗan ƙaramin yaro can baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, lemo dai mun ga ka juya shi da hannunka. Duniya fa, wa ya ga ta juya?" Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa na tsawata masa, na ce haka littafi ya ce. Amma da na koma masauki maganar ta tsaya mini a rai, domin tambayar yaron nan tana kan hanya. In muka saba wa yara da karɓar magana don tsoron malami kurum, za su ci jarrabawa, amma abin ba zai zauna a zuciyarsu ba. Wannan ne ya sa na shiga neman abin da zan nuna musu su gani da idonsu.

Mene ne sawun taurari?

Kowa ya san wasan da yara su kan yi da dare, su ɗauki bakin wuta su riƙa wurwura shi, har ka ga kamar zoben wuta ne a cikin duhu. Garwashin guda ne, amma da ya ke yana tafiya sai ya bar wa ido sawu. To, haka kyamara ta ke yi da taurari. Hoton rana a kan buɗe idon kyamara a rufe kafin ƙiftawar ido. Amma in aka kafa ta wuri guda da dare aka bar idon a buɗe, kowane tauraro zai ja layin haske a kan hoton, gwargwadon tafiyar da ya yi. Wannan layi shi mu ke kira sawun tauraro.

Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana cika kewaye guda cikin awa 23 da minti 56. Kewaye guda kuwa digiri 360 ne. Watau cikin awa ɗaya taurari su kan gusa digiri 15, cikin minti 4 kuma digiri ɗaya. Mu da ke Nguru da Gashua juyin nan yana tafiya da mu kimanin kilomita 1,600 a awa ɗaya, amma ba mu ji, domin babu girgiza, kuma iska da ruwa da gidaje duk tare mu ke tafiya. Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a shekarar 1930, kuma duk wanda ya taɓa shiga jirgi ya san yadda a kan ga itatuwa suna gudu baya, alhali kuwa jirgin ne ya ke tafiya.

Akwai wuri guda a sama, wajen arewa, wanda ba ya gusawa, domin can ne tsinken lemon nan namu ya nufa. Dukan taurari kewaya shi su ke yi, kamar dabbar da aka ɗaure a turke. Dab da wurin akwai wani tauraro da a ke kira tauraron arewa. Ba daidai kan turken ya ke ba, ratarsa ba ta kai digiri ɗaya ba, saboda haka shi ma ya kan ja ɗan guntun sawu.

Inda za ka sami tauraron arewa

Ga wata ƙa'ida mai daɗi. Tsayin tauraron arewa daga doron ƙasa daidai ya ke da nisan garinku daga layin da ya raba duniya biyu. Nguru da Gashua suna kusa da digiri 13 arewa da layin, don haka a garuruwan biyu tauraron yana tsaye digiri 13. A Ikko bai kai digiri 7 ba, a Agadas kimanin 17, a Landan kuwa ya wuce 51. Shi ya sa hotunan Turawa su kan nuna cikakkun zobba a tsakiyar sama, namu kuwa turken yana ƙasa-ƙasa, manyan zobban duk ƙasa ta yanke gindinsu.

Ka fuskanci gabas, arewa tana hagunka. Ka juya can, ka miƙe hannu sosai, ka dunƙule shi, ka aza gindin dunƙulen a kan inda sama ta haɗu da ƙasa. Faɗin dunƙulen kimanin digiri 10 ne. Ka ƙara yatsa biyu a kai, nan za ka ga tauraro shi kaɗai, ba mai haske ƙwarai ba. Da kaka, wajen watan Oktoba da Nuwamba, wasu taurari biyar masu kama da harafin M su kan tsaya bisansa da dare, su ne shaidarka. Da bazara kuma sai ka nemi taurarin nan bakwai masu kama da ludayi. Biyu na bakin ludayin suna nuna shi sosai.

Kayan aiki da lokaci

Ga abin da za ka tanada:

1. Kyamara wadda za ka iya sarrafa ta da hannu. Wayar hannu ma ta isa, in tana yarda a bar idonta buɗe daƙiƙa 30.
2. Mazauni mai ƙafa uku. In babu, ka cika ƙaramin buhu da rairayi ka aza bisa turmi, ka kafa kyamarar a kai. Rairayi dai ba mu rasa shi ba a ƙasar nan.
3. Batir cikakke, da wani na ajiya.
4. Tocila wadda ka rufe bakinta da jan ƙyalle, don farin haske ya kan kashe wa mutum ganin dare.
5. Agogo, da littafin rubutu, da bargo, da maganin sauro.

Lokaci shi ne babban abu, kuma nan ne na fara yin kuskure. Karo na farko na fita cikin watan Janairu, hazo ya cika sama, ga kuma farin wata. Na zauna awa biyu sanyi yana dukana, na komo da hoto fari fat kamar an zuba masa koko. Dalili kuwa shi ne tauraron arewa yana ƙasa-ƙasa, inda ƙura ta fi kauri, hasken wata kuma ya bi ƙurar ya rufe kome. Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen damina, bayan ruwa ya wanke sama, kafin hunturu ya kawo ƙurarsa. Ka zaɓi daren duhun wata, watau kwanakin ƙarshen wata ko na farkon tsayuwarsa.

Wuri kuma, ka fita ta arewacin gari, don fitilun gari su koma bayanka. Ka nemi goruba ko rumbu ya shiga hoton, don mai kallo ya ga ƙasa tsaye, sama tana kewaya. Bakin Tafkin Nguru da bakin Kogin Yobe suna da kyaun gani, amma raɓa ta kan sauka a gilashin kyamara, sai ka riƙa dubawa. Abu guda kada ka yi wasa da shi: kada ka fita kai kaɗai, kada kuma ka fita sai ka sanar da hukumar makaranta da mai unguwa da masu sintiri. Mutumin da aka gani cikin duhu da na'ura a gabansa, in ba a san da zuwansa ba, yana iya shiga wahalar da bai nema ba.

Yadda a ke ɗauka

Ka kafa kyamara, ka sa tauraron arewa kusa da tsakiyar hoton. Ka yi aiki da gilashi mai faɗin gani. Ka kashe saitin da kyamara ta ke neman abu da kanta, ka murɗa da hannu har tauraro mai haske ya zama ɗan ɗigo tsaf. Ka buɗe idon sosai, wajen lamba 2.8 ko 4. Lambar ISO kuma ka sa ta tsakanin 400 da 800. Sa'an nan ka ɗauki hoto guda na gwaji ka duba.

Masu kyamarar fim na dā su kan sa ta a harafin B, su bar idon a buɗe awa ɗaya ko biyu a ɗauka guda. Kyamarar zamani ba ta son haka, domin cikinta ya kan yi zafi, hoton ya cika da ɗige-ɗige. Dabarar ita ce a ɗauki gajeru masu yawa, kowane na daƙiƙa 30, ɗaya na bin ɗaya, kada ratar tsakaninsu ta wuce daƙiƙa guda. Hoto 120 ya ba ka awa ɗaya da ɗan ɗori. Ka rubuta lokacin da ka fara da lokacin da ka gama. Tun daga farko har ƙarshe kada ka taɓa kyamarar, ko kusa da ita kada ka yi tafiya. Bayan haka sai a zuba hotunan a kwamfuta, a haɗa su da wata manhaja ta kyauta mai suna StarStaX, wadda ta kan ɗauki wurin da ya fi haske a kowane hoto ta tara su cikin guda.

Bana da kaka na sake gwadawa a bayan garin Gashua, ni da abokaina biyu. Wani mai babur ya wuce ya haske mana hoto uku, muka fid da su, suka bar ɗan giɓi a kowane sawu. In ban da wannan, hoton ya fito yadda mu ke so. Za ka ga sawun ba launinsu ɗaya ba. Masu ja-ja su ne taurarin da ba su kai ranarmu zafi ba, masu shuɗi-shuɗi kuwa sun fi ta zafi nesa. Miƙaƙƙun layukan da suka ratsa zobban ba taurari ba ne, jiragen sama ne da taurarin ɗan Adam, waɗanda suka ƙara yawa tun da aka fara harba na Starlink a 2019.

Yadda za a yi darasi da shi

Na buga hoton a takarda, na nemi izinin shugaban makarantar nan ta Nguru, na koma wurin yaran, sun shiga aji shida. Ban gaya musu kome ba, sai na ce hoton awa ɗaya ne. Na sa kowace ƙungiya ta zaɓi sawu guda, ta ja layi daga turken zuwa farkonsa, da wani layin zuwa ƙarshensa, ta auna kusurwar. Masu dogon sawu da masu gajere duk suka sami 15 ko kusa da haka. Na ce su raba 360 da 15. Yaron nan mai tambaya shi ya fara cewa, "Malam, 24 ne, awoyin kwana guda!"

Amma fa mu faɗi gaskiya, hoton bai gama amsa tambayarsa ba. Ya nuna akwai juyi, ya kuma auna saurinsa, amma bai nuna ko sama ce ke juyawa ko ƙasa ba. Mutanen dā masu ilmi sun yi shekaru aru-aru suna tsammanin sama ce. Kofanikas ya buga littafinsa a 1543 yana cewa duniya ce. A 1851 wani Bafaranshe mai suna Fuko ya rataya ƙarfe mai nauyi da doguwar waya a birnin Faris, ya sake shi yana lilo, jama'a suka ga hanyar lilon tana karkata sannu a hankali, domin daɓen ginin ne ya ke juyawa a ƙarƙashinsa. Ga kuma hujjar nisa. Hasken tauraron arewa ya kan yi fiye da shekara 400 a hanya kafin ya iso idonmu, wasu taurarin sun fi shi nisa ƙwarai, wasu ba su kai shi ba. Yaya za a yi dukansu, na kusa da na nesa, su gama kewaye a lokaci guda, babu mai riga wani? Abin da ya fi shiga hankali shi ne mu ne mu ke juyawa. Haka na gaya wa yaran, na kuma gaya wa yaron nan gaban 'yan'uwansa cewa bai kamata in tsawata masa ba.

Ga wasu ayyuka da za ku iya ƙarawa. Ku juya kyamara gabas, za ku ga taurari suna hawa kusan a miƙe, sun ɗan karkata kudu. Cikin watan Afrilu da Mayu ku juya ta kudu, inda taurari huɗu masu siffar gicciye su kan leƙo da dare, za ku ga sawun sun lanƙwasa kamar baka. Ku sa yara su lura da Kaza da 'ya'yanta, su rubuta lokacin fitowarta. Kowane dare ta kan riga na jiya da minti 4, watau awa 2 a wata guda. Makaranta a Gashua da makaranta a Nguru suna iya haɗa kai su gwada agogo. Gashua tana gabas da Nguru da fiye da rabin digiri, saboda haka kowane tauraro ya kan fito musu kimanin minti 2 kafin ya fito wa mutanen Nguru.

Wanda ba shi da kyamara kuwa, kada ya ce an bar shi a baya. Ka kafa kara biyu a tsakar gida, gajere da dogo, ka saita kawunansu da wani tauraro mai haske bayan isha'i. Ka sa yara su komo bayan rabin awa su leƙa, za su tarar ya gusa.

To, 'yan'uwa, gani ya kori ji. Mu da ke wannan yanki Allah ya ba mu sarari da duhun dare waɗanda mutanen manyan birane su ke tafiya mai nisa su nema. Ina roƙon wanda duk ya gwada ya kawo hotonsa wurin editan wannan mujalla, tare da kwanan wata da sunan wurin, mu gwada su da juna. Allah ya sa mu zama malamai masu jin tambayar yara.