Kalma Ɗaya a Tsibirin Tenerife

Ranar 27 ga Maris 1977, hazo ya lulluɓe filin jirgin saman Los Rodeos a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen. Jirgin KLM ya sanar da hasumiya cewa zai tashi. Jami'in ya ce "to", sa'an nan ya umarce shi ya dakata. Daidai lokacin matuƙin Pan Am, wanda jirginsa ke kan titin, ya yi magana a zango ɗaya. Muryoyin suka haɗu suka zama ƙara, "to" kaɗai ya fito sarai. Ɗalibi ya lura, ƙwaƙwalwar mai gaggawa takan cike giɓi da abin da take son ji. Jiragen suka yi karo, mutum 583 suka rasu. Bayan haka aka keɓe kalmar "tashi" ga ba da izini ko soke shi kawai.