Yadda A Ke Sāke Gilashin Gefe na Bayan Mota

Yawancin aikin Hakimi bisa hanya ya ke. Yau yana rangadin ƙauyuka, gobe an kira shi fada, jibi ga rikicin gona a can iyakar ƙasarsa. Saboda haka lafiyar motar da ya ke hawa tana cikin sha'anin mulki, Malaminsa kuwa shi ne zai amsa tambaya game da ko wane kwabo da aka kashe mata. Wannan darasi ya shafi wani ƙaramin abu ne da mutane su kan raina, watau gilashin nan na gefe wanda ke can wajen baya, wanda ba ya sauka ba ya hawa. Ba a nufin Hakimi ya tuɓe riga ya kama aikin da hannunsa. Abin da a ke so shi ne shi da Malaminsa su san kamannin aikin kirki, domin in an kawo musu na ha'inci su gane tun ba a biya ba.

Abin da ya fi fasa wannan gilashi shi ne tsakuwar da ƙafar babbar mota ke cillowa bisa hanyar burji, sai kuma ɓarawo, wanda ya kan zaɓe shi don yana nesa da ido. In ya fashe, direba ya kan toshe wurin da leda ko kwali ya ce sai an sami sarari. Wannan ganganci ne. Sa'ad da mota ke gudu iskar da ke bayanta ta kan juyo, tana iya tura hayaƙin salansa cikin mota ta ko wace kafa da ke wajen baya. A cikin hayaƙin nan akwai wata iska mai guba da a ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce ke kawo ciwon kai da gyangyaɗi, kuma direban da ya yi gyangyaɗi tsakanin Zariya da Funtuwa ba shi kaɗai zai cutu ba. Ban da wannan, da damina ruwa zai kwanta ƙarƙashin shimfiɗar mota ya haifi tsatsa, da hunturu kuwa ƙura za ta rufe takardun hukuma da ke kujerar baya.

Irin gilashin

Gilashin mota ba irin na tagar ɗaki ba ne. Na gaban direba falle biyu ne da aka manne da wata leda a tsakani, shi ya sa ya kan tsage amma ba ya zubewa. Wani Bafaranshe, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar dabarar a 1909. Na gefe kuwa yawanci gasasshe ne. Bayan an yanka shi an goge bakinsa, sai a sa shi cikin tanderu har zafinsa ya wuce digiri 600, sa'an nan a hura masa iska mai sanyi farat ɗaya. Fatarsa ta waje ta kan daskare kafin cikinsa, sai ya ɗaure kansa da kansa. Ta haka ya kan ninka gilashin gida ƙarfi kamar sau huɗu ko biyar, in kuma ya fashe sai ya marmashe kamar tsakuwa, ba ya fitar da dogayen tsinin da ke yanka jijiya.

Daga wannan bayani abu biyu su ke fitowa. Na ɗaya, gasasshen gilashi ba ya yankuwa, ba ya huduwa, ba a rage shi da dutsen wāshi. Duk makanikin da ya ce gilashin ya ɗan yi girma amma zai rage bakinsa, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa gilashin gida ya kawo. Gilashin gida a jikin mota wuƙa ce a kusa da wuyan mai zama baya, kada a yarda da shi ko da kyauta ne. Na biyu, raunin gasasshen gilashi a bakinsa ya ke. Yana iya jure naushi a tsakiya, amma in bakin sukuddireba ya ɗan ƙwarzane gefensa sai ya watse gaba ɗaya, wani lokaci ma ba nan take ba, sai bayan kwanaki mota na tsaye a rana.

Kafin a aika a sayo, Malami ya rubuta sunan mota da shekararta da sifarta, salun ce ko doguwa, da kuma gefen da ya fashe, domin na dama ba ya shiga hagu. Ya haɗa da lambar jikin mota, wadda a motocin da aka ƙera daga 1981 haruffa ne da lambobi 17. In an kawo gilashin a duba hatimin da ke kusurwarsa. Na ƙa'idar Turai yana da harafin E cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta amince da shi, 1 Jamus, 2 Faransa, 11 Ingila, kusa da shi kuma an rubuta 43R. Na ƙa'idar Amurka yana da DOT da lambar masana'anta. Wanda ba shi da hatimi ko kaɗan a mayar wa mai shi. Ba laifi ba ne a sayi wanda aka cire daga wata mota, irin waɗanda a ke samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, muddin an bi bakinsa da yatsa a hankali ba a ji ɓantara ba. A lura da launi kuma. Tun 1991 akwai dokar tarayya da ta hana sa wa mota gilashi mai duhu sai da izinin 'yan sanda, kuma bai dace Hakimi ya zama shi ne mai karya ta ba.

Mai roba da igiya

Tsofaffin motoci, kamar Peugeot 504 doguwa irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, da Volkswagen ɗin nan mai ƙusumbi, roba ce ke riƙe musu gilashi. Robar tana da kwari biyu, ɗaya na gilashi, ɗaya na leɓen ƙarfen taga. Tsohuwar roba da rana ta ƙona har ta tsattsage ba ta sāke yin aiki, a sayo sabuwa tare da gilashin.

Da farko a sa safar hannu da tabarau, a cire tsohuwar roba, a kwashe ɓarɓashin gilashi sarai, har wanda ya shiga ƙarƙashin kujera. Sa'an nan a duba leɓen ƙarfen, don nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. In ya lanƙwashe a miƙe shi. In akwai tsatsa a goge ta da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa fenti, a bari ya bushe. Robar da aka ɗora bisa tsatsa ba ta tare ruwa, ɓoye ɓarnar kawai ta ke yi har ranar da ƙarfen zai huje.

A shanya sabuwar roba a rana ta yi taushi, a sa ta kewaye da gilashin. A sami igiya mai santsi da ƙarfi, kaurinta kamar milimita 4, a cusa ta cikin kwarin da zai kama ƙarfe, ta kewaye duka, bakunanta biyu su giccie juna a tsakiyar ƙasa. A jiƙa robar da ruwan sabulu. Kada a yi amfani da baƙin mai ko giris ko fetur, gama su kan kumbura roba su ruɓar da ita. Aikin na mutum biyu ne. Na waje ya ɗora gilashin a bakin taga, bakunan igiya suna ciki, ya danna da tafin hannu a shimfiɗe. Na ciki ya riƙa jan igiya sannu sannu wajen tsakiyar gilashin, ita kuwa tana ɗago leɓen roba tana haurar da shi bisa ƙarfe. Na waje ya riƙa bin wurin da a ke ja da hannunsa. A ja kaɗan ta dama, a ja kaɗan ta hagu, don kada gilashin ya zame gefe guda. A kusurwa ne roba ta kan yage, saboda haka a nan a rage sauri, a ƙara ruwan sabulu, a riƙa murza igiyar kamar mai juya tuwo. In wani wuri ya ƙi hawa a taimaka masa da tsinken katako ko na roba, ban da ƙarfe. Tsofaffin Land Rover suna da wata siririyar roba da a ke cusawa a tsakiyar babbar daga baya ta ɗaure ta, in ba a mayar da ita ba gilashin zai yi ta rawa.

Ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku da ke cikin ƙofar baya ta salun, shi ba ya son igiya. A sauke babban gilashin ƙofa, a kwance sandar da ta raba su, a zaro shi da robarsa, a mayar da sabo.

Mai gam

Yawancin motocin zamanin nan manne musu gilashin a ke yi da wani baƙin gam mai suna foliyuretan. A nan ne aka fi cutar masu mota, domin bayan an gama ba mai iya ganin abin da ke ƙarƙashi. Don haka ya kamata Malami ko direba amintacce ya tsaya a wurin.

Kafin a ɓamɓare rufin cikin mota a cire wayar batir, a dakata gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa, gama motoci da yawa suna da jakar iska a ɓoye bisa tagogi. A wasu kuma eriyar rediyo tana jikin gilashin, sai an zare wayarta. A yanke tsohon gam da siririyar waya ko wuƙar aikin, amma ba a kankare shi har ƙarfe. A bar shimfiɗarsa kamar milimita 1 zuwa 2, watau bai wuce kaurin tsinken ashana ba, don sabon gam ya fi kama ɗan'uwansa fiye da fenti. Duk inda wuƙa ta ƙarci fenti a shafa ruwan shimfiɗa, wanda a ke sayarwa tare da gam ɗin.

Tun ba a buɗe gam ba a gwada gilashin a busasshe. A daidaita shi har ratar da ke kewaye da shi ta zama ɗaya ko'ina, fuskarsa ta yi daidai da jikin mota, ba inda ya taɓa ƙarfe. Sa'an nan a manna salatif daga gilashi zuwa jikin mota wuri biyu ko uku, a yanka a tsakani, ya zama alamar da za a bi. Baƙin zanen da ke kewaye da bakin gilashi ba ado ba ne kawai, shi ke kāre gam daga hasken rana. A goge shi da ruwan gogewar da masu gam su ka tanada, bayan haka kada yatsa ya sāke taɓa shi, don maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana kamu.

A yanka bakin bututun gam ya fitar da shi da tsini kamar kunyar gona, tsayinsa wajen milimita 10 zuwa 12 in littafin motar bai faɗi wani awo ba. A zagaya da shi ba yankewa, mahaɗarsa ta kasance a ƙasa, a shafe ta ta haɗe. Rata ko ta ƙwayar gero ce, nan ruwa zai bi. Cikin 'yan mintoci gam ya kan fara yin fata, musamman da zafi, saboda haka a ɗora gilashin nan da nan bisa alamar salatif, a danna shi daidai wa daida, a ɗaure da salatif kada ya zame. In an danna da ƙarfi ainun gam zai fice ta gefe, gilashi ya zauna bisa ƙarfe, ramin farko a hanya ya fasa shi. A yi aikin a inuwa inda iska ke ratsawa, gama tururin gam ɗin yana cutar da huhu.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, wannan gam da laimar iska ya ke ƙarfi. Da damina ya kan kama da wuri, da hunturu kuwa, sa'ad da iska ta bushe ƙarau, ya kan daɗe. Wani irin awa ɗaya ya ishe shi, wani sai ya kwana, an rubuta wannan a jikin bututun tare da ranar da amfaninsa zai ƙare. Hakimin da ke da tafiya gobe da asuba gara ya ari wata mota. A yini biyu na farko a bar tagar ƙofa ɗaya a ɗan buɗe, domin in an buga ƙofa mota na rufe, iskar ciki tana iya huda ɗanyen gam. Kada kuma a kai ta wurin wanki.

Makaniki mai son sauƙi ya kan kawo silikon irin na ɗakin wanka. A ƙi shi. Ba shi da ƙarfin riƙe gilashin mota, mai warin tsami a cikinsa yana cin ƙarfe, kuma inda ya taɓa, gam na gaskiya da fenti ba sa kamawa sai an sha wahalar kankarewa.

Gwaji da rubutu

Ba a biyan ladan aiki sai an gwada, ba a kuma mayar da rufin ciki sai bayan gwajin. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila da busasshiyar takarda, wani ya riƙa zuba ruwa da buta daga waje. A fara daga ƙasan gilashi a hau sama a hankali, don in an fara daga sama ruwan zai gangaro ya ɓoye ainihin inda kafar ta ke. Na ciki ya bi bakin gilashin da takardar, in ta jiƙe ga wurin nan. Bayan wannan a hau hanya a saurara, gama kafar da ruwan buta bai samu ba iska ta kan same ta, a ji tana fito. In mai roba ne, ana iya ɗaga leɓen a gyara masa zama. In mai gam ne kuma kafar ta yi yawa, sai a cire a sāke, a wuyan wanda ya yi aikin.

Malami ya shigar da ranar aikin cikin littafin mota, da awon tafiyar da agogonta ya nuna, da abin da ke rubuce a hatimin gilashin, sabo ne ko na hannu, da sunan gam da ranar ƙarewarsa, da kuɗin kaya dabam da na aiki dabam. Ya karɓi rasit, ya sa makanikin ya rubuta a bayansa cewa in gilashin ya yi yoyo a ruwan farko na damina zai gyara ba da ƙarin kuɗi ba, ya sa hannu.