HUKUNCIN ƊAUKAR MAI BINCIKEN ASIRI DA ABIN DA A KE BIYANSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata sana'a da ta samo asali daga ƙasashen Turawa, watau sana'ar mai binciken asiri mai zaman kansa, wanda mutum zai biya kuɗi ya tono masa wani al'amari da ya ɓoyu gare shi. Wani Bafaranshe mai suna Vidocq ya buɗe irin wannan ofis a birnin Paris cikin 1833, sa'an nan Allan Pinkerton ya kafa nasa a Chicago ta Amurka wajen 1850. To, Musulmi da ya ke son ɗaukar irin wannan mutum, wajibi ne ya san abin da zai biya daga aljihunsa, da kuma abin da zai biya daga addininsa.

A Amurka da Ingila galibi da awa a ke lissafin ladan mai bincike. Ya kan karɓi kafin alƙalami tun kafin ya ɗaga ƙafa, kuma kuɗin mai, da masauki, da na neman takardu duk a wuyan mai aikin su ke. Idan an sa mutum 2 su yi gadin wani gida awa 10 kullum har kwana 5, an ci awa 100 ke nan, kuma za a biya su ko sun ga wani abu ko ba su gani ba. Nan ne mutane da yawa su ke ruɗuwa, su zaci sakamako su ka saya, alhali lokaci su ka saya.

Malaman fiƙihu sun riga sun rarrabe waɗannan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ijara, watau ɗaukar mutum aiki na wani lokaci sananne a kan lada sananne. Ta biyu ita ce ju'ala, watau mutum ya yi alkawarin lada ga wanda ya cika masa wata bukata, kamar dawo da dabbar da ta ɓace. Malamai sun kafa hujjar ju'ala da aya ta 72 ta Suratu Yusuf, inda a ka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa ba a yanka wa ju'ala wa'adi, kuma mai aikin ba shi da kome sai ya kammala. A mazhabar Malikiyya kuwa ba ya halatta a sharɗanta ba da kuɗin ju'ala tun kafin aiki. Saboda haka wanda a ka sace wa mota, ya ce wa mai bincike sai ya gano ta zai sami ladansa, ju'ala ya ƙulla. Wanda ya ɗauke shi na kwana 7 a kan kuɗi sananne kuwa ijara ya ƙulla, kuma ladan ya wajaba a kansa ko motar ba ta fito ba. Abin da ba ya halatta shi ne a bar lada ko wa'adi a duhu, domin jahilci a cikin ciniki shi ke haifar da husuma.

Amma fa ingancin yarjejeniya ba ya wadatarwa sai aikin kansa ya zama halal, gama ba a ɗaukar mutum ijara a kan saɓon Allah. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta hana giba, duk a wuri guda. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Buhari ya ruwaito hadisi mai gargaɗin cewa wanda ya saurari zancen mutane alhali ba su so, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar Alƙiyama. Wanda ya biya wani ya ɗana na'ura a ɗakin mutum, ko ya kutsa cikin wayarsa, bai kuɓuta daga wannan ba don ya wakilta wani. A Nijeriya ma sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidajen mutane da wasiƙunsu da maganganunsu na waya.

Akwai wuraren da bincike ya halatta. Neman dukiyar da a ka sace, da neman yaron da ya ɓace, da gano wanda ya gudu da bashi, da tambayar halin wanda za a yi tarayyar kasuwanci da shi ko a ba shi aure, duk suna da asali. Muslim ya ruwaito cewa Fatima 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da Mu'awiya da Abu Jahmi da su ka nemi aurenta, ya faɗa mata abin da ke ga kowannensu, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Almawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya yi bayani a cikin Al'ahkamus Sulɗaniyya cewa ko mai hisba ba ya tono abin da ke ɓoye, sai idan amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Idan wannan ce iyakar ma'aikacin hukuma, ina ga wanda kuɗi kawai ya ɗauko?

Mafi hatsari shi ne miji ya sa a bi matarsa, ko mace ta sa a bi mijinta, a kan zato tsagwaronsa. Mai binciken da a ke biya da awa ba ya asara idan zato ya daɗe, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umurni da tantance labarin fasiƙi kafin a yi aiki da shi. Ko da ya kawo hoto, a wurin galibin malamai hoto ba ya tsayawa a madadin shaidu 4 wajen tabbatar da zina, kuma aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga mai ƙazafi. Mijin da ya tabbata a ransa, shari'a ta buɗe masa ƙofar li'ani a gaban alƙali. Wanda bai tabbata ba kuwa, ya kashe dukiya, ya rushe amana, ya bar wa 'ya'yansa abin gori.

Don haka kafin mutum ya zare ko kwabo, sai ya tambayi kansa: haƙƙinsa ya ke nema ko aibin wani? In haƙƙi ne, ya rubuta sharuɗɗa, ya ƙayyade lada, ya hana mai binciken duk hanyar haram, abin da a ka gano kuma ya kai shi gaban hukuma. In aibi ne, to, barinsa ya fi araha duniya da lahira. Allah ne mafi sani.