Nasiha Ga Amaryar Da Za A Kai Ƙauyen Kanada

'Yata, tunda aka sa rana ƙawayenki ba su da kira sai "Amaryar Kanada". Su Toronto suke hange, benaye da fitilu. Ke kuwa kin san inda angon naki yake: ƙaramin asibiti a wani ɗan gari cikin lardin Saskacewan, inda likitoci baƙi, har da 'yan Najeriya da dama, ke duba lafiyar manoma. Ƙauye za a kai ki. Ba aibi ba ne, amma gara ki ji daga bakin naki tun kina ɗakin uwarki.

A fara da takarda, don ita ce ke iya tsayar da tafiyar. Tun 2015 hukumar shige da fice ta Kanada ta daina amincewa da auren da aka ɗaura ba ango ko ba amarya a wurin. Mu kuwa waliyyi da wakili ne ke zama gaban liman, amarya na ƙuryar ɗaki cikin lulluɓi, wani sa'in angon ma yana wata ƙasa. Ki roƙi Baffanki tun yanzu: ango ya zo da ƙafarsa, ke ma a san dabarar da za ki halarta, a karɓi shaidar aure, a adana hotuna. Angon ne zai sa hannu cewa ya ɗauki nauyinki na shekara 3. In fasfonki ya fito, ki riƙe abinki a hannunki.

Gado da kujeru da jeren da Inna ta daɗe tana tari ba za su hau jirgi ba, kada a wahalar da kai. Kilishi da dambun nama ma ba a barinsu su shiga. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, duk abin da kika ƙunsa ki faɗa wa jami'an kwastan da bakinki. Wanda suka hana ki bar musu. Ɓoyewa ce ke jawo tara.

Sanyin za ki ji labarinsa har ki gaji. A watan Janairu yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, har mota sai an jona ta da wuta ta kwana kafin ta yarda ta tashi da safe. Kada ki ɓata kuɗi kan rigar sanyin Kantin Kwari, ki bari sai kin isa ki sayi tasu, da takalmi da safar hannu. A Disamba yinin duka bai wuce awa 8 ba, kina idar da azahar la'asar ta kawo kai. A Yuni kuwa rana takan haura awa 16 a sama. Alƙiblarku arewa maso gabas take, kada ki shimfiɗa darduma gabas sak don sabo.

Amma ni ba sanyin nake jiye miki ba, shirun nake jiye miki. Faɗin lardin ya ɗara kashi biyu cikin uku na Najeriya, mutanensa kuwa wajen miliyan 1.2 ne, ba su kai na birnin Kano ba. Ƙauyenmu cike yake da mutum: sallama daga zaure, yaro ya leƙo aron turmi, luguden daka tun hantsi. Nasu ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai, alkama da kanola iya ganinki, gida nan, na gaba sai an yi tafiya a mota. Maigida zai fita tun da duhu, wani daren ma a kira shi asibiti. Babu mai zuwa ganin ɗaki, babu ƙanwar da za a ba ki 'yar zaman ɗaki. Idan kika zauna jiran a zo gaishe da amarya, sai dusar ƙanƙara ta narke ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ba ƙiyayya ba ce. A wurinsu faɗo wa mutum gida ba sanarwa rashin ta ido ne, suna ganin sun kyauta miki da suka ƙyale ki.

Saboda haka ke za ki fara. Zumunci a ƙafa yake, a can kuwa ƙafar mota ce. Gwamnatin lardin ta rufe kamfaninta na motocin safa a 2017, kuma ba Keke Napep ba ɗan acaba. Macen da ba ta tuƙi, ko gishiri ne ya ƙare sai ta jira miji. Ki shiga makarantar koyon tuƙi tun kina nan. A hannun dama suke tuƙi kamar mu, sai dai za ki sake jarrabawa, ki kuma koyi taka burki a kan ƙanƙara.

In kin natsu, ki soya cincin ko ki yi alkaki, ki ɗauka a faranti ki kai wa maƙwabciya, ki faɗi sunanki a hankali har ta iya. Ki yi rajista a ɗakin karatun garin. Da kaka, bayan an gama girbi, sukan yi walimar gari a babban zaure, kowace mace ta kawo abin da ta dafa. Ki je da hijabinki da tukunyar dafa-dukarki. Ki tambayi abin da ke cikin kowane kwano ba kunya, wanda aka sa naman alade ki wuce shi da murmushi. Tsofaffin matan za su yi miki tambayoyin da za su ba ki dariya, wata ma ta ba ki haushi. Ki amsa da sakin fuska. Su ne za su nuna miki wanda ke sayar da ƙwai, su ne kuma za su turo ɗansu ya ture miki ƙanƙarar ƙofa ran da maigida ya yi tafiya.

Kada kuma ki raina ƙasa don kin yi boko. Damina gajera ce, ba a shuka a waje sai ƙarshen Mayu, amma dogon yinin yana sa alayyahu da tumatir su yi ta hauhawa. Barkono a ɗaki ake fara renonsa, bakin taga, tun ƙanƙara ba ta tafi ba. Naman halal da masallacin Juma'a sai manyan garuruwa irin su Rijaina da Saskatun, don haka ku sayi babbar firiza, ku riƙa haɗa sallah da cefane a tafiya ɗaya.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Za ku saɓa, kuma ba gidan Gwaggo a bayan layi balle ki yi yaji. Ku koyi kashe wutarku ku biyu. Ba kowane ɓacin rai ake turawa gida ta WhatsApp ba. Ku kun shirya kafin gari ya waye, uwarki kuwa ta kwana bakwai ba barci. Wannan haƙurin na saɓani ne. In abu ya kai ga duka, Allah ya kiyaye, lambar 911 ce, kuma tun 2017 gwamnatin Kanada ta soke sharaɗin da ke ɗaure izinin zaman mace da zama ƙarƙashin mijin da ya kawo ta. Ina faɗa ne don ki sani, ba don ina zargin yaron ba.

Allah ya sa gidan zamanki ne, ya ba ku zuri'a ɗayyiba, in sun zo kuma ki yi musu Hausa tun suna goye. Agogon Kano yana gaban naku da awa 7, rani da damina. In kika bari sai bayan isha'i, mu nan tsakar dare ne. Ki riƙa kiran surukarki da Inna da safenku, lokacin mun idar da azahar.