Kiwon Zanzaro Domin Yaƙi da Murzuna a Gonakin Gero

Murzuna tsutsa ce da ke cin zangarniyar gero tun ƙwaya ba ta nuna ba. Wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai yawon dare ne ke saka ƙwanta a kan zangarniya. In ta ƙyanƙyashe sai ta riƙa yanke furen tana kewaya zangarniyar, ta bar sawu kamar an naɗa zare. Da ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa, ta kwanta har wata damina. A shekarar da ta yi yawa, manomi kan rasa fiye da rabin amfaninsa.

Feshi bai cika yi mata komai ba, domin a ɓoye take cikin zangarniya, ga tsada. Shi ya sa masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi da na cibiyar ICRISAT a Sadore suka karkata ga wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Macen kan harbi tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su tashi su tsotse ta. Cikin kwana 10 ko makamancin haka sun zama manya. Dama akwai shi a daji, sai dai ba ya yawa sai bayan ɓarna ta auku, don haka ake kiwonsa a sake shi da wuri.

Kiwon yana farawa ne da tsutsar da ke cin hatsi a rumbu, wadda ake tarawa cikin gero da gari. A ɗan buhun algarara ake zuba gero da gari, da tsutsa 25, da matan zanzaro 2 da suka riga suka yi barbara. Akan raba buhu 15 a kewayen ƙauye, a rataye inda ruwan sama da tururuwa ba za su kai ba. Sabbin zanzaro na fita ta ramukan saƙar, su bazu cikin gonaki.

Lokacin rataya shi ne wurin da aikin ya fi lalacewa. Gero na fara bununi ya kamata buhu ya kasance a gona, kuma jinkiri kan sa a yi asarar wahalar. Dole kuma maƙwabta su haɗa baki su dakatar da feshi a wannan tsakani, domin maganin ya fi saurin kashe zanzaron a kan murzunar.